Da Ƙafarta Ta Hau

Litinin, 8 ga Disamba, da hantsi

Mun samu ɗaki! A ƙasa ma, dab da ƙofa, ba hawa ba sauka. Jama'ar da muka sauko tare daga jirgin Hawai suna can suna jiran akwati, ni kuwa ina kan waya da teburin gidan baƙin sansanin nan. Ban yi shekara ashirin da huɗu ina loda jiragen sojan sama a banza ba. Ni ne Saje Cayetano Naputi, fansho ko ba fansho ba.

Jirgin da zai ƙarasa da mu gida Guam an janye shi. An kuma tsayar da jiragen farar hula masu zuwa tsibirin. Talabijin sai surutu take a kan abin da ake yi can cikin teku, na kashe ta. Ga mu a Japan cikin sanyi mai shiga ƙashi, ni da matata Medo.

'Yarmu Dita ta kira, ko gaisuwar kirki babu. Tata take kirana, wato baba a yarenmu. "Tata, sai da na ce ka sayi tikiti kamar kowa. Kai kullum sai kujerar da soja suka rage!"

Na ce mata, "Masu tikitin suna ina yanzu? Suna kwance a ƙasan filin jirgi. Uwarki kuwa tana kan gado mai bargo biyu." Na ci wannan.

Yau ake zagayen Uwar Maryamu a gida. Medo ta tuna, ta juya fuska bango. Lafiyarta ƙalau, gajiyar tafiya ce.

Talata, 9 ga Disamba, da yamma

Na je wurin kiran suna. Doka ba ta canja ba: masu aiki su fara, sai iyalansu, sai masu hutu, mu 'yan fansho mu ne ƙurar baya. Ba a kai kanmu ba.

A can na gamu da bala'i. Wani tsohon sojan ruwa, Cif Hollis Treadway, ƙato kamar ƙofar gareji, ƙafarsa kaɗai ta isa a tsallaka kogi da ita. Ya riga mu sa suna, saboda haka yana gabanmu a layi, kuma ya tabbatar na sani.

"Saje," in ji shi, "ku sojan sama ai ba soja ba ne, ma'aikatan otal ne masu kaki. Dubi akwatunanka. Ƙaura za ka yi?"

Na ce, "Cif, mu muna wanka muna canja kaya. Ku kifin gwangwani ne, wari ba ya damunku."

Ya kece da dariya har aka juyo ana kallonmu. Sai ya ɗaga wata 'yar jaka da yatsa ɗaya. Wai da ita ya zaga duniya: wando biyu, riga biyu, takalmin da ke ƙafarsa, shi ke nan. Wai namiji ba ya bukatar takalmi biyu tunda ƙafa ba ta fi biyu ba. Ɗakinsa yana kallon namu. Allah ya ba ni haƙuri.

Laraba, 10 ga Disamba, da rana

Ba kujera.

Alhamis, 11 ga Disamba, da yamma

Ba kujera. Jirage sai tashi suke kamar an kunna musu wuta, gilashin taga na rawa, amma ba wanda ke ɗaukar tsofaffi.

Mai kiran suna wata ce Saje Marlow, fuska ba yabo ba fallasa. Yau ta sake karanto mana dokar da na sani tun ba a haife ta ba: duk wanda zai shiga jirgin soja sai ya hau matakala da ƙafarsa, ba riƙo, ba ɗauka. Wanda ya kasa, asibitin sansani za a miƙa shi. Tana faɗa tana duban Medo. Medo ta gyara zama, ta sakar mata murmushi da jan-bakinta raɗau.

A hanyar dawowa ta ce, "Tano, in suka sa ni a asibitin nan ba zan fito ba."

Na ce, "Wa ya yi maganar asibiti?"

"A gidana nake so. Ka ji abin da likitan Honolulu ya ce."

Ban ji komai ba. Likita yaro ne, ko gemu bai gama fito masa ba. Na saya mata miyar kaza a kantin sansani, ta sha cokali kaɗan ta ce gishiri ya yi yawa.

Asabar, 13 ga Disamba, da rana

An kore mu daga ɗakin ƙasa. An sauke sojoji cike da jirgi, masu takardar aiki, kuma su ke da haƙƙin ɗaki kafin mu. Kuroda-san, matar da ke zama a teburin baƙi, ta zo da kanta tana ta sunkuyawa kamar za ta karye.

"Naputi-san, ka gafarce ni. Saura ɗaki ɗaya a saman bene. Babu na'urar hawa a wancan ginin."

Na buɗe baki zan yi mata ruwan masifa, sai Medo ta tsunkule ni. Ta ce, "Muna so. Mun gode, 'yar'uwa."

Da muka fito na ce, "Kin haukace? Bene fa!"

Ta ce, "Kai da ka yi aikin jirgi, ka fi kowa sanin tsayin matakalarsa. A ina kake so in koya, a kan gado?"

Kai, matar nan! Shekara arba'in da ɗaya ina aurenta, har yau ita ke fara ganin hanya. Muka tsaya a gindin benen, ta kama ƙarfe, na sa hannuna a aljihu don kada ya ci amanata. Ta huta a tsakiya. Na ce, "Tsohuwa, kin gaji ne in kira miki motar asibiti?" Ta ce, "Rufe min baki." Ta ƙarasa.

Sun ɗauka sun wulaƙanta mu, ashe filin atisaye suka ba mu kyauta. Cif Hollis ne ya hau da akwatunan, yana ta mita wai duwatsun Guam muka loda a ciki.

Lahadi, 14 ga Disamba, da safe

Mun sauka coci, mun hau. Ba riƙo. Nasara.

Ba kujera.

Talata, 16 ga Disamba, bayan cin abincin yamma

Yau aka fara nobena, addu'ar kwana tara ta jariri Yesu. Uwar Medo ce ta ɗauki alkawarinta bayan yaƙi, kuma tun daga lokacin ba a taɓa fashi ba a gidanmu na Humatak. Medo ce ke jan ta. Ta ce ko a duniyar wata aka ajiye ta sai ta yi, amma daren ƙarshe a falonta za ta yi shi, ta miƙa wa Dita.

Ɗakin wanki muka samu, don nan kaɗai ke da fili da ɗumi. Ta fito da ɗan gunkin jaririn da ba ya barin jakarta. Sai ta ce ba a kwantar da shi sai a kan gansakuka, kamar yadda ake yi a gida. Ina ni ina gansakuka a sansanin soja? Kuroda-san ta ji mu. Da ta dawo daga hutun rana sai ga ta da kwanon abincinta cike da ita, kore shar, daga lambun gidanta.

Muka shimfiɗa a kan injin busar da kaya. Na kunna kyandir.

Wayyo! Ba mu kai rabin addu'ar farko ba ƙararrawar gobara ta ɓarke. Gini duka ya fito waje, sojoji da gajeren wando, wani da kumfar sabulu a kai, ga motar kashe gobara da jiniya. Medo kuwa ko gezau. Ta ɗaga murya sama da ƙararrawar ta ci gaba, don ba a yanke nobena a tsakiya. Masu kashe gobara suka shigo da gatari suka tarar da tsohuwa tana waƙa. Shugabansu ya tsaya, ya cire hula. Ashe ɗan Saipan ne, tsibirin da ke maƙwabtaka da namu. Da ta gama ya kama hannunta ya kai hancinsa yadda ake gaida manya, ya kira ta yadda muke girmama dattijuwa, ya ce, "Tan Medo, don Allah gobe ban da kyandir. Zan kawo na batir."

Cif Hollis ya ce tunda yake bai taɓa ganin an kira mutane coci da motar gobara ba.

Laraba, 17 ga Disamba, da yamma

Dare na biyu, mutane sun cika ɗakin wanki. Ban san 'yan tsibiri sun yi yawa haka a sansanin nan ba. Wata ta kawo jar shinkafa. Medo ta ja addu'a a tsaye.

Ƙafarta ta ɗan tasa. Sanyi ne.

Alhamis, 18 ga Disamba, da rana

An kira mu. Na rubuta don in gani da idona: an kira mu, kuma ga mu a ɗaki.

Kujeru suka fito a jirgin kaya mai zuwa Guam. Aka kira na gaba, aka kira na gaba, aka zo kan Cif, ashe ya tafi aski, ya rasa. Sai na ji "Naputi, mutum biyu." Na daka tsalle kamar yaro. Aka auna kaya, aka duba katinmu, muka shiga layin motar da ke kai mutane gindin jirgi. Medo tana sanye da doguwar rigarta mai furanni har ƙasa, jan-baki raɗau, kai a sama.

Saje Marlow ta zo tana bin layi tana duban ƙasa. Ta tsaya a gaban Medo.

"Uwa, ɗan ɗaga rigarki."

Silifas. Silifas da safa! Haka duk ɗan tsibiri ke yi in ya ji sanyi, ya zura safa ya koma cikin silifas ɗinsa, har coci haka muke zuwa. Amma jirgin soja ba a shigarsa sai da takalmi rufaffe. Ni na kori mutane a kan wannan dokar da bakina, ba sau ɗaya ba.

Na ce, "Medo, ina takalminki?"

Ta ce a hankali, "Ya ƙi shiga, Tano. Tun shekaranjiya."

Na roƙi yarinyar nan. Na ce ni saje ne kamarta, na ce awa uku da rabi ce kawai, na ce a rufe ƙafar da bargo. Ta ce, "Yallaɓai, ka fi ni sanin abin da ke ƙasan jirgin kaya. Sarƙa da ƙarfe ne. Ba zan iya ba." Akwatinmu ya riga ya shiga ciki, sai da aka fito da shi. Wasu mata da miji suka samu kujerunmu, matar tana ta ba mu haƙuri.

Muna tsaye a taga jirgin ya tashi. Medo ta ce, "Ka yi fushi?" Na ce ina fa.

Alhamis, da faɗuwar rana

Na shiga banɗaki na sake famfo don kada ta ji.

Juma'a, 19 ga Disamba, da rana

Na tashi da ƙarfina. Jiya an ci mu, yau sabuwar rana ce. Ana buɗe kanti na shiga na sayo kambas na maza, wanda ya fi nawa girma. Ta zura, ya shiga. Ta taka daga gado zuwa ƙofa tana rangwaɗa wai ita 'yar ƙwallo ce. Muka sauka bene da shi, muka hau da shi. To, Saje Marlow, sai ki nemo wata dokar.

Na tarar da Cif a bakin injin shayi, ya yi tagumi. Na ce, "Askin ya yi kyau, ya kai a rasa jirgi dominsa."

Bai rama ba. Ya ce ɗansa yana cikin jirgin ruwa mai nutso, rabonsa da ganinsa shekara biyu. An ce za su tsaya Guam su yi Kirsimeti, kwana biyu ko uku, daga nan su koma inda ba a faɗa. Da abin da ake ciki yanzu, wa ya san ranar fitowarsu? Tun da matarsa ta rasu ba shi da kowa sai yaron.

Ya dube ni ya ce, "Saje, matarka fa?"

Na ce, "Gajiya ce."

Ya daɗe yana juya cokali. Ya ce, "Tawa ma gajiya ce." Muka sha shayinmu.

Lahadi, 21 ga Disamba, da yamma

Ba kujera jiya, ba kujera yau. Amma zo ka ga ɗakin wanki! Har baranda mutane suka tsaya. An kawo kelaguen na kaza da barkono mai sa hawaye, wani ya soya bunelos na doya ban san inda ya samo doyar ba. Kuroda-san ba addininta ba ne, amma ta tashi aiki ta tsaya a baya da hannu a haɗe. Cif bai san kalma ɗaya ta yarenmu ba, sai ya riƙa jan amshi da murya kamar injin jirgin ruwa. Medo ta ce masa, "Cif, Allah yana ji, ba sai ka tsorata shi ba."

Wani soja mai shirin tafiya ya ce ta sa masa hannu a ka. Ta sa. Sai ga layi.

A zaune ta ja addu'ar yau. Kujerar ta fi dacewa da murya, haka na gaya wa Dita.

Litinin, 22 ga Disamba, da rana

Ba mu sauka bene ba yau. Mutane suka hauro, aka yi a ɗaki.

Ba kujera. Gara ma da babu.

Talata, 23 ga Disamba, da yamma

Ta sauka, ta hau. Ta daɗe, amma ta hau. Na ce, "In kira motar asibiti?" Ba ta da numfashin da za ta ce in rufe baki, sai ta harare ni. Hararar ta ishe ni.

Saura daren gobe. Dita ta ce ta share falo, ta ɗebo gansakuka daga daji, wai in ba mu iso ba za ta sa waya a kan tebur uwarta ta ja daga nan. Medo ta ce, "Ba a miƙa alkawari ta waya."

Laraba, 24 ga Disamba, cikin jirgi

Cikin jirgi! Ga ƙugin inji, amma sai na rubuta.

Gari na wayewa Kuroda-san ta ƙwanƙwasa. "Naputi-san, jirgin Guam! Kujera uku! Ku yi sauri!" Na duba ƙafar Medo. Ta kumbura kamar ƙullin burodi da ya kwana. Na ce ba komai, zura silifas, can ma sa kambas ɗin. Kuroda-san ta raka mu har mota, ta cusa wa Medo kwanon gansakukar nan a jaka, ta sunkuya, ba ta ɗago ba har muka sha kwana.

Aka kira suna. "Treadway, mutum ɗaya. Naputi, mutum biyu." Cif ya buga min kafaɗa har na kusa faɗuwa.

Na durƙusa gaban Medo da kambas. Na zare igiyar gaba ɗaya, na ja harshen, na tura. Ya ƙi. Na cire mata safa. Ya ƙi. Na cire nawa, nawa ma ya fi ƙanƙanta. Ta cije leɓe ba ta yi ƙara ba, amma na ga hawaye. Kanti ba ya buɗewa sai hantsi, ga motar jirgi a bakin ƙofa tana hayaƙi. Saje Marlow ta zo ta tsaya a kanmu. Wannan karon ba ta karanto doka ba, cewa kawai ta yi, "Yallaɓai, ba zan iya riƙe motar ba."

Sai na ji benci ya yi ƙara. Cif Hollis ne ya zauna kusa da Medo yana kwance igiyar takalminsa.

Marlow ta ce, "Cif, in ka cire, kai ma ba ka hawa."

Ya ce, "Na iya karatu, yarinya."

Medo ta riƙe masa hannu. "A'a, Cif. Ɗanka fa?"

"Ɗana ya san fuskata, ta ma ishe shi. Sa ƙafa, Tan Medo."

Na ce, "Cif, ba ka da wani."

Ya ce, "Saje, ka cika surutu kamar duk sojan sama. Ɗaure mata."

Ƙafar ta shige kamar an auna. Na ɗaure, ban iya ɗaga kai ba. Ya tsaya da safa mai huji a babban yatsa, 'yar jakarsa a hannu, ya ce wa Marlow ta ba na bayansa kujerar.

A gindin jirgi iska kamar ta yanke kunne. Matakala a tsaye, ta fi ta masauki miƙewa. Marlow ta biyo mu, ta tsaya a gefe. Medo ta kama ƙarfe, ni a bayanta, hannuna a aljihu. Takalman nan suna bugun ƙarfe ƙwal, ƙwal, kamar doki ya shiga coci. Ta wuce rabi ta tsaya. Har matuƙin ya leƙo.

Na ce, "Tsohuwa, kin gaji ne in kira miki motar asibiti?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Cayetano, rufe min baki."

Ta ɗaga takalmin Cif, ta ɗora. Ta sake ɗagawa, ta ɗora. Ta shige ƙofa.

Sojojin da ke ciki suka ɓarke da tafi, ashe rabinsu 'yan ɗakin wanki ne. Na juya na dubi Marlow. Ta sara min, ni ɗan fansho, kuma idonta ya yi ja. Ga Medo nan kusa da ni an lulluɓe ta da bargon soja, tana barci, ƙafafunta sun leƙo kamar kwale-kwale biyu. Mun ci su. Wallahi mun ci su!

Alhamis, 25 ga Disamba, da hantsi

Gida. Zafi, gumi, ƙamshin teku, zakaru na cara. Na tauna pugua, goron tsibirinmu, har haƙorina ya gaji.

Jiya falo bai ɗauki mutane ba, har gindin mangwaro aka jera kujeru. Medo ta ƙi a cire mata takalman a bakin ƙofa. Matar da ta shekara arba'in tana korar 'ya'ya da jikoki in sun shigo mata da takalmi, ita ce ta taka tabarmarta da na sojan ruwa. Ƙawayenta suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ku yi dariyarku, su suka kawo ni."

Ta haɗa gansakukar Kuroda-san da ta Dita, ta kwantar da jaririn. Kyandir na gaske, ba ƙararrawa. Ta ja addu'ar tun daga fari, murya ƙasa-ƙasa amma ba ta tsallake kalma ba. Da aka zo waƙar ƙarshe sai ta kama hannun Dita ta ce, "Ɗauka daga nan." Dita ta ɗauka, mutane suka amsa mata.

Na yi farin ciki jiya irin wanda ban yi ba tun ranar aurenmu. Na kira masauki, Kuroda-san ta ce Cif ya sayi sabon takalmi, yana ta zaginsa wai ya matse shi. Ba kujera tukuna.

Lahadi, 28 ga Disamba

Da hantsi. A gadonta, taga a buɗe, ana jin teku, hannunta a nawa. A gidanta, kamar yadda ta ce.

Talata, 30 ga Disamba, da yamma

Yau kwana na uku na ɗaya addu'ar, wadda ake wa wanda ya riga mu gidan gaskiya. Dita ce ke ja. Ba ta tsallake kalma ba.

Ana shirin farawa sai ga tasi. Wani ƙato ya fito da 'yar jaka yana ɗingishi. Jirgin ɗansa ya bar tashar tun ranar Asabar, na riga na ji a gari. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon mata cikin baƙaƙen kaya, ya cire hula. Dita ba ta taɓa ganinsa ba, amma tana duban ƙafarsa ta gane. Ta kama hannunsa ta kai hancinta.

Na ce, "Cif, ka makara. Sojan ruwa ba ku taɓa zuwa a kan lokaci ba."

Ya ce, "Laifin jiragenku ne, Saje."

Ya sunkuya ya cire sabon takalmin. Nasa na da suna nan a bakin ƙofa, na goge su, silifas ɗinta a gefensu. Na ɗauko zan miƙa masa, ya girgiza kai.

"Bar su nan."

Na ce, "Ɗanka, Cif. Ban san abin da zan ce maka ba."

"Zai dawo. Yaro ne, yana da lokaci."

A ciki an fara waƙa. Na ce, "Da ƙafarta ta hau, ka sani. Ba wanda ya riƙe ta."

Ya ce, "Na gani. Ina bakin taga da safa."

Na kama hannunsa muka shiga, na zaunar da shi a kujerarta.